Uwargida, Yaushe Rabon Kyanwarki Da Ruwa?

A wannan karon za mu leƙa wani lungu ne na gidajenmu da ba kasafai muke waiwayarsa ba, wato batun mage, ko kyanwa, wadda mutanen ƙasar Kabi da Sakkwato suka fi sani da mussa.

Abin da ya jawo wannan rubutu wani al'amari ne da ya faru a gidan wata maƙwabciyata a garin Argungu, ana tsakiyar bazara. Suna da wani jan muzuru, wanda shi ne mai gadin ɗakin da suke ajiye buhunan shinkafa. Wata rana sai ta ga yana ta kai da komo zuwa bayan ɗaki inda ya saba tona ƙasa, ya tsuguna ya yi ta nishi, ya taso babu abin da ya fito. Ta ɗauka cikinsa ne ya ɗaure, ta ɗura masa man gyaɗa. Washegari ya ƙi abinci, ya yi amai, ya shige ƙarƙashin gado. A kwana na uku da asuba aka tarar da shi ya mutu. Wasu suka ce shinkafar ɓera ya ci, wasu kuma suka ce jifa aka yi wa maigida ya faɗa kan dabba. Sai daga baya da ta ba wani likitan dabbobi labari, ya shaida mata cewa duk alamun da ta lissafa na toshewar hanyar fitsari ne. Da ya tambaye ta inda muzurun ke shan ruwa, sai ta yi shiru, sannan ta ce ai ita ba ta taɓa ajiye masa ba, ta ɗauka mage ita ke nema wa kanta. Kafin damina ta faɗi, ɓeraye sun huda mata buhu biyu.

Garin ruwa, amma mage da ƙishirwa

Duk wanda ya ji an ambaci Argungu, ruwa ne ke fara zo masa a rai. Ga gulbin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun shekarar 1934, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016, ga kuma fadamun shinkafa da suka miƙa har Birnin Kebbi. Sai dai fa kyanwar gida ba ta zuwa gulbi. Rayuwarta tsakanin tsakar gida ce da ɗakin girki da kan katanga. Randarmu a rufe take, haka ya kamata ta kasance, buta kuma bakinta ya yi mata ƙanƙanta. Abin da ya rage mata shi ne ruwan kwata, ko na wanke-wanke mai sabulu, shi ma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kafin azahar ya ƙafe.

Me ya sa ba ta damu da ruwa ba?

Halittarta ce ta zo da haka. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a shekarar 2007 ya nuna cewa duk kyanwoyin gida na duniya sun samo asali ne daga wata magen daji da ke zaune a busassun ƙasashen Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka. Ita wannan magen daji daga jikin abin da ta farauto take samun ruwanta, domin kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ko tsuntsu ruwa ne. Saboda haka Allah Ya yi ta ba ta saurin jin ƙishirwa, ƙodarta kuma na matse fitsari ya zama kaɗan mai kauri don kada ruwa ya salwanta.

Wannan tsari ya dace da magen da ke cin ɓera kullum. To amma tamu ta gida me muke ba ta? Ƙanzo, ɓawon burodi, kan busasshen kifi da ƙayarsa, ko kuma a gidajen masu hali, busasshen abincin mage na leda, wanda ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ga abinci busasshe, ga dabbar da ba ta neman ruwa, ga zafin bazara. Idan aka haɗa ukun nan, fitsari zai ƙara kauri, gishirin da ke cikinsa ya fara daskarewa kamar rairayi, wani lokaci har ya dunƙule ya zama tsakuwa a mafitsara.

Abin ya fi muni ga muzuru, domin hanyar fitsarinsa doguwa ce kuma siririya, ɗan rairayi kaɗan ya isa ya toshe ta. Da zarar ta toshe, dattin da ya kamata ya fita sai ya koma cikin jini, ƙoda ta gaza, cikin kwana 2 zuwa 3 rai ya yi halinsa. Gaskiya ne ba ƙarancin ruwa kaɗai ke kawo wannan ciwo ba, ƙiba da rashin motsa jiki da yawan tsangwama duk suna taimakawa, amma ruwa shi ne rigakafin da ke hannun kowace uwargida, kuma ba a kashe masa ko kwabo.

Nawa take buƙata? Likitocin dabbobi kan ƙiyasta kimanin mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta a rana, haɗe da wanda ke cikin abinci. Ke nan mage mai kilo 4 na buƙatar kamar mililita 200, wato bai kai rabin ledar fiya wata ba. Ɗan wannan ne fa muke gaza bayarwa.

Abin da addini ya koya mana

'Yar'uwa, wannan ba al'adar Turawa ba ce da aka kwaso mana. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, an kawo labarin Kabsha 'yar Ka'ab, matar ɗan sahabi Abu Ƙatada (RA). Ta zuba wa surukinta ruwan alwala, sai ga mage ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha na kallonsa da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana mage ba najasa ba ce, tana cikin masu shige da fice a tsakaninmu. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ba ta ci da sha ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Sun kuma ruwaito na mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk dabbar da ke kwana a gidanki, tana tsare miki hatsi, amana ce a wuyanki.

Dabarun da za su sa ta sha

Da farko ki samo ƙaramin kasko na ƙasa, mai faɗi marar zurfi. Kasko na sanyaya ruwa kamar yadda randa ke yi, faɗinsa kuma na ba ta damar sha ba tare da gashin bakinta na gugar gefe ba, abin da magen da yawa ba sa so. Kwanon silba ma ya yi, amma roba takan riƙe wari.

Na biyu, kada ki tsaya a guda ɗaya. Ki ajiye biyu ko uku, ɗaya a gindin randa, ɗaya a inuwar bishiya ko rumfa, ɗaya kusa da inda take kwanciya. Ki nisanta su da wurin da take bayan gida, ki kuma ɗan raba su da kwanon abincinta. Idan kina da kaji ko awaki, ki ɗora nata a kan wani abu mai tudu, domin ba ta son ruwan da aka dagula.

Na uku, a sauya ruwan safe da yamma, a kuma wanke kaskon. Wannan zai hana sauro yin ƙwai a ciki, kada garin neman lafiyar mage a jawo wa yara zazzaɓi. Aikin ya dace da yara, ki ɗora wa ɗaya daga cikinsu, kin ga ya tashi da tausayin dabba.

Na huɗu, ki shigar da ruwan ta hanyar abinci. Mu da Allah Ya hore wa kifi, ki cire ɗan yanki kafin ki sa kayan miya, ki dafa shi da ruwa zalla, ki cire ƙaya, ki ba ta naman tare da romon bayan ya huce. Kada a sa gishiri ko magi, albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata jinin mage. Busasshen kifi a jiƙa shi tukuna, kuma kada ya zama shi ne abincinta na kullum. Romon da ya rage kada ya wuni a rana.

Na biyar, wasu magen sun fi son ruwa mai motsi. Idan kin lura taki na zuwa lasar bakin famfo ko tana matsowa lokacin da kike alwala, ki tsiyaya mata a kaskonta tana kallo. Madara kuwa ba ta maye gurbin ruwa, yawancin manyan mage ma zawo take sa su.

Alamun da ba a jira da su

Idan kin ga tana yawan tsugunawa fitsari na fita ɗis-ɗis ko da jini, ko tana kuka lokacin yi, ko yawan lasar gabanta, ko ta fara fitsari a kan tabarma alhali ba halinta ba ne, to ciwo ne, kada a doke ta. Idan kuwa muzuru ne ya yi ta yunƙuri babu ko ɗigo, ranar nan za a kai shi wurin likitan dabbobi mafi kusa, ba gobe ba. Kada a matsa masa ciki, mafitsarar na iya fashewa. Idan abin ya gagara, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ina roƙonki, kada ki taɓa ba mage farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta. Sannan idan tsohuwar mage ta fara shan ruwa fiye da kima, tana yawan fitsari tana ramewa, wannan ba abin murna ba ne, yana iya zama ciwon ƙoda ko na suga, ita ma a kai ta a duba.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Maƙwabciyar tawa ta sake samun wata 'yar kyanwa, yanzu kaskonta na nan a gindin randa, autar gidan ce ke cika shi kafin ta tafi Islamiyya. Ke ma uwargida, kafin ki ɗora tukunyar dare, ki nemo kasko ki zuba wa taki. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke hannunmu, Ya sanya mana a mizani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.