Ƙaddara Ce, Ko Musun Ƙwallo Ne?

Zangon karatun da ya wuce na faɗi kwas ɗin lissafi. Da na koma gida Yakasai, na ce wa Baba, "Ƙaddara ce." Bai tanka ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa na san a daren jarrabawar a majalisa na raba dare muna musun ƙwallo.

Shirun nan nasa ne ya fahimtar da ni abin da Jean-Paul Sartre, masanin falsafa ɗan Faransa, yake kira yaudarar kai: ka zaɓi abu da hannunka, sannan ka ce dole aka yi maka. A laccar da ya yi a Paris a watan Oktoba 1945 kan falsafar wanzuwa, ya kawo misalin wuƙa. Tun kafin a ƙera ta an san aikinta. Mutum kuwa sai ya zo duniya tukuna, ayyukansa su nuna ko shi wane ne. Ƙin zaɓa ma, a wurinsa, zaɓi ne.

Sartre bai yarda da Allah ba, nan kam mun raba gari. Amma ba duk masu wannan tunani ne haka ba. Kierkegaard na Denmark Kirista ne mai riƙo da addini. Mu ma ai tun a Islamiyya aka koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali. In da ba mu da zaɓi, hisabin me za a yi mana?

Dubi Malam Aminu Kano, ɗan Sudawa. Yana da aikin koyarwa a Maru da albashinsa, a 1950 ya ajiye ya rungumi siyasar NEPU, ya san sarai wahala ce a gaba. Babu wanda ya tura shi.

Ban ce talauci da yajin aiki ƙarya ba ne fa. Ba ni na zaɓi kuɗin makaranta ko tsadar adaidaita ba. Abin da na yi da awa shidan da ke hannuna a daren nan, shi ne nawa.

Yanzu ga wata ta taso. Baba yana so in karɓi rumfarsa a Kurmi da na gama, ƙafarsa ta fara ba shi matsala. Ni kuma HND nake so. Wata biyu ina ce wa abokai "sai yadda ta yiwu", alhali tsoron buɗe baki nake. Ranar Juma'a in mun dawo daga masallaci zan same shi a soro in faɗa masa.