Daura na Bunƙasa: Ina Dawarmu Za ta Dosa?

'Yan'uwa manoma, Daura tsohon gari ne. Kowa ya san labarin Bayajidda da sarauniya Daurama da rijiyar Kusugu. Tun zamanin fatake hanya ke bi ta nan zuwa Damagaram, har yau kuwa motocin hatsi da dabbobi suna ƙetare iyaka a Kongolam.

Yanzu garin ya ɗauki sabon salo. A shekarar 2019 aka kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. A 2021 aka soma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Daura. Inda jama'a ta taru, hatsi ya sami kasuwa. To, wace kasuwa za mu kai namu?

Tun kaka da kakanni akwai masu dafa burkutu a ƙasar Hausa. Akan jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tsima. Ogogoro kuwa, wadda aka fi yi da bammi a kudu, tata hanyar dabam ce. Ana ɗora tsimammen ruwan bisa wuta, tururi ya bi bututu, ya huce, ya ɗiga a kwalba. Ƙarfinta ya ninka na burkutu, masu haɗama kuma sukan gauraya ta da wata guba, wai ita metanol, mai makantarwa da kisa. A 2015 mutane da yawa sun mutu ta haka a jihohin Ondo da Ribas. A Jihar Katsina ma doka ta hana sayar da giya tun 2000.

Amma tsiron dawa yana da wata kasuwa. Da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt irin su Maltina suka juyo ga dawa. Masana na Samaru, Zariya, sun fitar da irin da ya dace da aikin.

Sai dai kamfani ba ya sayen tiya-tiya. Yana son buhuna masu yawa, iri ɗaya, busasshe, ba tsakuwa, ba ƙwari. Manomi ɗaya ba zai iya ba, amma ƙungiyar gama kai za ta iya.

Saboda haka kafin damina mu zauna, mu tuntuɓi malamin gona, mu shirya iri da ma'aji. Mu fara cika rumbun iyali tukuna, ragowar mu tara mu sayar tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.