Waƙa a Zauren Jami'a: Daga Gambu Fagada Zuwa Sitidiyo

Fagada ƙauye ne a ƙasar Maiyama ta jihar Kebbi, ba nisa da Jega. Da yawa daga cikin Hausawan da suka san sunansa ba su taɓa taka ƙafarsu can ba, sun san shi ne saboda mutum ɗaya, wato Alhaji Muhammadu Gambu, wanda aka fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Ya rasu a shekarar 2016, bayan ya daɗe da barin yi wa ɓarayi kiɗa. Tun yana raye malaman jami'a suka ɗauki waƙoƙinsa abin nazari, har Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa. Mai karatu zai iya tambaya: me ya kai makaɗin ɓarayi ɗakin karatun masu neman digiri na biyu da na uku?

Hanyar ta daɗe da buɗewa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, ya yi shi ne a kan Mamman Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. A 1988 Sa'idu Muhammad Gusau ya gabatar da kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Bayero ta Kano a kan waƙoƙin makaɗan fada, kuma a shekarar ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa. Daga baya littafin Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya zama ma'aunin da ɗalibai ke bi: a kawo tarihin makaɗi, a fito da turken waƙa, wato babban saƙonta, a duba salo da yadda aka saƙa ɗiyan waƙa, a lura da rawar 'yan amshi. Da wannan ma'auni aka rubuta kundaye masu yawa a Kano da Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Aiki ne mai daraja, don ba domin shi ba da waƙoƙi da dama sun bi masu su kabari. Sai dai ya fi karkata ga kalmomin waƙa. Kiɗa kuwa sana'a ce, ana ci da ita, ana aurar da 'ya'ya da ita, kuma wannan ɓangaren ne bincikenmu bai cika leƙawa ba.

A nan Gambu ya zama misali mai faɗi. Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa yana da ubangida tsayayye, sarki ne ke ba shi doki da riga da hatsi. Makaɗin noma ko na dambe yana jiran kaka, a yi masa kari a fili kowa na gani. To, Gambu fa? Waɗanda yake wasawa mutane ne da ba sa son a san inda suke kwana, amma suna son a ji sunansu a bakin makaɗi, kuma suna biya. Masu saurarensa kuwa sun ninka iyayen gidansa nesa ba kusa ba: direbobi, 'yan kasuwa, ma'aikata, har da waɗanda a bainar jama'a za su ce ba sa jin sa. Kaset ne ya kai musu shi. Wanda ya naɗi wasa a rikoda ya kai wa mai shago, mai shago ya buga kwafi ya sayar, wani ya saya ya sake bugawa a wani gari. Nawa ne daga cikin kuɗin ya koma Fagada? Wa ya mallaki muryar bayan ta shiga kaset? Yaya makaɗi ke raba abin da aka samu tsakaninsa da masu kalangu da 'yan amshi da ɗan ma'abba? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan ta isa kundin digiri.

Irin wannan karatu yana da gurbi na kansa a wasu ƙasashe. Jami'ar Libaful ta Ingila ta kafa cibiyar nazarin kiɗan zamani a 1988, inda ɗalibin digiri na biyu ke koyon yadda ake ƙulla yarjejeniya tsakanin mawaƙi da kamfani, da haƙƙin mallaka, da shirya wasa, da tallata faifai. A wajenmu Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka matsa kusa da wannan fage, da bincikensa a kan finafinan Hausa da waƙoƙinsu da yadda fiyano ya shigo ya sauya sautin kiɗa.

Sana'ar kuma ba ta tsaya jiran masu bincike ba. Daga faifan garmaho aka koma kaset, daga kaset zuwa faifan CD, sannan masu tura waƙa a waya suka kafa tebur a kowace kasuwa, ciki har da ta Jega, suna cika wa mutum memori da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, mawaƙin bai ga ko kwabo ba. Yau matashi yakan biya kuɗin sitidiyo daga aljihunsa, ya ɗora waƙar a YouTube ko Audiomack ko TikTok, ya sa ran sunan da zai yi ya jawo masa gayyatar biki ko kiran ɗan siyasa. Idan aka duba da kyau, tsohon tsarin ubangida ne ya dawo da sabuwar riga. Nijeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023, amma doka ba ta amfanar mawaƙin da ba a bayyana masa ita da harshensa ba.

Ɗan Kebbi mai sha'awar wannan fage ba ya bukatar tafiya nesa. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, akwai Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, ga Sakkwato a kusa. Bincike irin wannan yana son ɗalibin Hausa ya haɗa kai da na tattalin arziki da na shari'a da na aikin jarida, don mai sanin turke da salo kaɗai ba zai iya bin sawun kuɗi ba, mai lissafi kaɗai kuma ba zai gane abin da ya sa mutum ke kyautar da dukiyarsa don an ambaci kakansa ba.

Tsofaffin masu shagon kaset da yaran makaɗa da suka yi yawo tare da su Gambu suna nan da sauransu a Jega da Maiyama da kewaye, amma shekaru sun ja. Ɗalibin da ke neman batun kundinsa ya ɗauki rikoda ya je ya same su tun suna iya ba da labari.