Rawayar Reshen Pitaya: Kafin A Ɗauko Bokitin Ruwa

Pitaya, wadda masu sayar da kayan marmari ke kira diragon furut, shuka ce da ke yawan ruɗar masu nomanta, domin kusan duk abin da ya dame ta da launi ɗaya take nuna shi. Rana ta ƙona ta, reshe ya yi rawaya. Saiwa ta ruɓe, ya yi rawaya. Taki ya gaza ko cuta ta kama ta, haka nan. Manomi kuwa da ya ga koren shuka ya kau, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne ƙarin ban ruwa. A ganina wannan gaggawar ta fi kowace cuta kashe pitaya, kuma launi kaɗai bai isa hujjar da za a sauya ban ruwa a kanta ba.

Dalilin yana cikin asalin shukar. Dangin kaktus ce, amma ba ta hamada ba. Daga dazuzzukan kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya ta fito, inda take hawa bishiyoyi da duwatsu tana manne musu da ƙananan jijiyoyi. Saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa, kuma tana bukatar iska kamar yadda take bukatar danshi. Tana tara ruwa a cikin rassanta masu kauri, kuma da dare take buɗe ƙofofin numfashinta don rage asarar ruwa da rana. Idan ruwa ya kwanta a gindinta kwanaki, iska ta ƙare a cikin ƙasa, saiwa ta mutu ta ruɓe. Daga nan shukar ba ta iya shan ruwan da take tsaye a ciki, sai rassa su yi yaushi su yanƙwane tamkar na wadda fari ya kama. Wanda ya dubi sama kawai zai rantse ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Abin da zai raba gardama shi ne a tona ƙasa kamar tsawon yatsa. In a bushe take kuma saiwa fara ce mai ƙarfi, ƙishi ne. In tana da laima, saiwa ta yi baƙi tana saɓulewa tana wari, to ruwan ne ya yi yawa.

Bayan ƙasa, sai a dubi inda rawayar take da yadda take a hannu. Ƙunar rana tana bayyana a gefen da ke fuskantar rana da saman rassa, gefen inuwa kuwa yana nan kore, kuma da farko wurin yana da tauri. Takan tsananta idan zafi ya haura kimanin digiri 38, shi ya sa masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila, da suka gwada noman ta a hamadar Negeb, suka koma shuka ta ƙarƙashin ragar inuwa. Duk mai son gwada ta a Sakkwato ko Maraɗi, inda bazara ke wuce digiri 40, ya sa wannan a lissafi tun kafin ya kafa turke. Ruɓa kuwa laushi gare ta, takan jiƙe, sau da yawa daga gindi take tasowa. Ƙarancin taki yana kawo koɗewa iri ɗaya a ko'ina, musamman bayan shuka ta yi 'ya'ya da yawa. Sanyi na iya jawo ja-ja. Tsohon gindi da ya koma ruwan ƙasa ya yi tauri kamar ɓawon itace, wannan tsufa ne kawai, ba a yi masa magani.

Akwai mai cewa duk wannan dogon bincike ne, alhali babbar annobar pitaya cutar naman gwari ce, don haka a yi feshi a huta. Maganarsa tana da tushe. Cutar gyambon reshe, wadda naman gwarin Neoscytalidium dimidiatum ke haddasawa, ta yi ɓarna a Taiwan da Malesiya da kuma Biyetnam, ƙasar da yankinta na Binh Thuan ya shahara a duniya wajen noman waɗannan 'ya'yan itace. Amma ita ma alamarta a bayyane take: ƙananan ɗigo-ɗigo masu lotsawa, rawaya zuwa ruwan lemo, su kumbura su zama ƙuraje, a ƙarshe wurin ya ruɓe ya bar rami. Kuma a danshi da fantsamar ruwa take yaɗuwa, don haka mai zuba ruwa ta sama a kan rassa yana taya ta aiki ko da yana feshi duk mako. Maganin feshi ba ya tayar da ruɓaɓɓiyar saiwa, ba ya kuma zama inuwa.

Wani kuma zai ce tun da kaktus ce, a hana ta ruwa gaba ɗaya a zauna lafiya. Wannan ma kuskure ne, sai dai ya fi sauƙin gyara. Shukar da ta sha ƙishi lokacin fure takan zubar da furen ko ta ba da ƙananan 'ya'ya, kuma ruwa mai yawa bagatatan bayan doguwar bushewa yana tsaga 'ya'yan da suka kusa nuna. Abin da take so shi ne a jiƙa ta sosai, a bar saman ƙasa ya sha iska, sannan a sake, a ƙasa mai rairayi da takin gargajiya, bisa tudu ko kunya in wurin na laka ne.

In ruɓa ta riga ta kama, ba lallai a tumɓuke ba. A tsakiyar reshe akwai jijiya mai tauri da ke ɗaukar ruwa zuwa sama. Idan ita lafiya take, ana kankare ruɓaɓɓen naman da wuƙa mai tsabta, a bar wurin ya bushe, a dakatar da ban ruwa, a kwashe abin da aka yanke a kai shi nesa da gona. Idan jijiyar ta yi baƙi, sai a yanki lafiyayyen reshe daga sama, a ajiye shi a inuwa kamar mako guda bakin yankan ya bushe, a dasa a sabon wuri.