Abubuwan da ya kamata ka sani: Shin ci gaban ɗan Adam ya saɓa wa dokar entrofi?

Me dokar ta ce?

Bajamushe Rudolf Clausius ne ya raɗa wa ma'aunin bazuwar zafi da warwarewar tsari suna entrofi a 1865. Ga abin da dokar ta ƙunsa: a wurin da yake rufe ruf, babu makamashi mai shiga ko mai fita, zafi bazuwa yake yi, tsari kuma warwarewa, ba ya komawa da kansa. Shayi hucewa yake yi a kofi, ba a taɓa ganin ya sake tafasa haka kawai ba.

To, yaya ƙauyen bakin kogi ya zama Yamai?

Masu ganin akwai saɓani suna tsallake sharaɗin nan na "rufe ruf". Duniya a buɗe take. Haske yana zuwa mana daga rana, wadda zafin fuskarta ya kai kusan digiri 5,500, duniya kuma tana mayar da kusan wannan adadin makamashi zuwa sararin samaniya, amma a bazazzen zafi mai rauni. A tsakanin shigar da fitar ne gero ke nuna, yaro ke girma, aka kuma gina Gadar Kennedy ta Yamai a 1970.

Ka tsaya bayan na'urar sanyaya ɗaki a wani shago kusa da Babbar Kasuwar Yamai cikin watan Afrilu. Hucin da ke dukan fuskarka ya fi zafin da aka kwashe daga cikin shagon, domin an haɗa da na wutar da na'urar ta sha. Mai shago ya samu sanyi, titi ya biya, jimillar entrofi kuma ta ƙaru. Doka ba ta karye ba ko kaɗan.

Idan makamashin ya yanke fa?

Mutanen Yamai sun gani da idonsu a Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar. Ƙanƙara ta narke a firji, kifi ya lalace, injinan teloli suka yi tsit.

A ganina, wanda ya fi fahimtar lissafin nan shi ne Farfesa Abdou Moumouni, da jami'ar birnin ke ɗauke da sunansa. Daga 1969 ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, yana ƙera tukwanen dafa ruwa da hasken rana. Ya rasu a 1991, sai a 2023 tashar rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara ba birnin wuta.