Mene ne binciken gubar abinci?

Duk lokacin da aka kwashi mutane zuwa asibiti da amai da gudawa bayan cin abinci, sai a ji hukuma ta ce "ana bincike." Me ake bincikawa?

Aiki ne mai ƙafa uku. Jami'an lafiya su tambayi majinyata abin da suka ci da inda suka ci. Masu gwaji su duba bayan-gida da ragowar abincin. Sannan duba-gari su shiga madafa, kuma nan ne gizo ke saƙar: daga ina ɗan ga-ruwa ya ɗebo ruwan? Awa nawa miya ta yi a buɗe cikin zafin Sakkwato? Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salsiyos, ga wutar firji da ba ta da tabbas.

Wani lokacin ma ba ƙwayar cuta ba ce. A Agustan 2021 mutum 24 suka rasu a ƙauyen Danzanke, ƙaramar hukumar Isa, bayan an zuba gishirin lalle a abinci a madadin gishiri.

Abin ya shafi masu gidajen abinci, masu tsire da duk mai ci a waje. Idan ta faru, kada a zubar da ragowar abincin kafin jami'ai su iso.