Fatar Da Ta Yi Wa Mai Ita Yawa

Kowane manomi a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ya san robar da ake ɗaure buhun albasa da ita a bayan keke ko babur. Sa'ad da take sabuwa, in ka ja ta ka sake, sai ta koma yadda take. Amma in ta shekara tana riƙe da kaya, rana tana dukanta, ran da aka kwance ta sai a tarar ta saki. Fatar mutum ma haka take. A cikinta akwai zare iri biyu waɗanda ido ba ya gani. Ɗaya mai ƙarfi ne, shi ke riƙe fata, likitoci suna ce da shi kolajin. Ɗayan kuwa mai talewa ne kamar roba, sunansa ilastin. In jiki ya kumbura na ɗan lokaci, fata takan buɗe, ta kuma koma. Amma in ta yi shekaru a miƙe, zaren nan yakan tsintsinke. Nankarwar da mata ke gani a cikinsu bayan haihuwa alamar wannan tsinkewa ce. Tsufa da shan taba suna ƙara raunana zaren.

Shi ya sa mai ƙiba ƙwarai, in ya rage kilo 40 ko 50, ba ya komawa kamar dā. Kitse ya tafi, amma buhun da ya riƙe shi yana nan. Sai fata ta zubo a ciki, da damtse, da cinya. Ta ciki wani lokaci takan sauko har ta rufe mara. Wannan ba maganar kyan gani kaɗai ba ce. Ƙarƙashin fatar da ta ninku iska ba ta shiga, zufa tana kwanciya, balle a zafin bazara irin namu. Daga nan sai ƙaiƙayi, da ƙuraje, da wari, har gyambo. Tafiya da sunkuyo su zama wahala.

Wani zai ce ai wannan ciwon mutanen Amurka ne. A dā gaskiyarsa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma ba mu rasa namu rabo ba. Mun san 'yan kasuwa da ma'aikata da iyayen gida waɗanda likita ya ce lalle su rage jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari.

Kafin mu ci gaba, bari mu raba rama biyu. Akwai wadda mutum ya nema da kansa, ya rage ci, ya ƙara motsa jiki. Akwai kuma wadda ta zo ba a kira ta ba: mutum yana cin tuwonsa kamar kullum, amma riga tana yi masa yawa. Wannan ta biyu ba abin murna ba ce. Tana iya zama alamar tarin fuka, ko ciwon sukari, ko ƙanjamau, ko ciwon daji. Mai irin wannan ba gyaran fata yake bukata ba, gwaji yake bukata, a cikin makon nan.

Yadda ake aikin

Babu man shafawa, babu shayi, babu ɗamarar da za ta ɗinke zaren da ya tsinke. Masu tallar magani a kasuwa za su gaya muku akwai, kuɗinku kawai za su ci. Motsa jiki yana ƙarfafa tsoka, yana da amfani sosai, amma ba ya rage fata mai yawa. In kaɗan ce ta saki, kuma mutum yana da ƙuruciya, takan ɗan koma cikin shekara guda ko biyu. In ta yi yawa, sai fiɗa.

Aikin ba sabo ba ne. Tun a 1899 wani likita mai suna Howard Kelly, a asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimo a Amurka, ya yanke wa wata mace teɓar da ta fi kilo 7. A yau ga yadda ake yi. Likita yakan zana wurin yanka da alƙalami tun mutum yana tsaye, gama in ya kwanta fata takan baje. Sa'an nan a sa shi barci. A yanka daga wannan ƙugu zuwa wancan, can ƙasa da cibiya, a cire fata da kitsen da ke manne da ita, a jawo ta sama a haɗa da ta ƙasa a ɗinke. In an cire da yawa, akan huda wa cibiya sabuwar kafa. Aikin yakan ci awa 2 zuwa 5. Akan bar 'yar roba a cikin rauni tana tsiyayar da ruwa da jini na wasu kwanaki, a kuma ɗaura ɗamara ta kusan mako 6. Tabo kuwa dogo ne, yana dushewa amma ba ya ɓacewa.

Likitan kirki ba ya gaggawar ɗaukar wuƙa. Zai so nauyin mutum ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata 6, domin in aka yanka yana cikin ramewa, fata za ta sake saki. Zai duba ko sukari ya kwanta, ko jini ya isa. Mai shan taba sai ya bari tun da sauran makonni, gama taba tana tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kai wa rauni jini. Macen da ke sa ran sake haihuwa akan ce ta dakata tukuna.

Kada kuma a ɗauka ƙaramin abu ne. Ɗinki yana iya buɗewa, ruwa yana iya taruwa, rauni yana iya ruɓa, jini yana iya daskarewa a ƙafa ya tafi huhu. Manyanmu sun tuna rasuwar Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa, a ƙasar Sifen cikin Oktoba 2005, bayan aikin zuƙe kitse. A 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci. Aikin nata dabam ne da wanda muke bayani, amma danginsa ne. A ganinmu, wanda fatar ba ta hana shi aiki, ba ta kuma sa masa gyambo, ya fi masa ya riƙa wanke wurin da sabulu, ya tsane shi sarai, ya sa tufafin auduga, ya bar wuƙa inda take.

Tamu ta gida: gwaiwa

A ƙauyukanmu fatar da ta fi talewa ba ta ƙiba ba ce, ta gwaiwa ce. Ba a son faɗin sunanta a taro, babbar riga kuma tana rufa asiri, shi ya sa mutum yakan ɗauke ta shekara 10 ko 20 ba wanda ya sani sai matarsa.

Gwaiwa iri biyu ce, kuma raba su yana da muhimmanci. Akwai ta hanji, wadda wasu ke kira ƙaba: hanji ne ke saukowa ta wata kafa a mara, in mutum ya kwanta yakan koma. Akwai kuma ta ruwa, wadda ruwa ke taruwa a jakar da ke kewaye da ɗan maraina. Wannan ba ta komawa. Akwai yaran da ake haifa da ita, buguwa ma tana kawo ta. Amma a ƙasar fadama irin tamu, inda Gulbin Zamfara ya ratsa ta Jega, sauro yana da hannu. Sauron da ke kawo zazzaɓi shi ne ke ɗauko wata siririyar tsutsa daga jinin wannan ya zuba wa wancan. Tsutsar tana zama cikin hanyoyin ruwan jiki, waɗanda ke bi ta kaluluwa, ta yi shekara 6 zuwa 8 tana lalata su. Ruwa ya rasa hanya. A namiji sai gwaiwa, a ƙafa kuwa sai tundurmi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa maza miliyan 25 ke da gwaiwa ta wannan hanya, kuma tun shekarar 2000 ta ɗaura yaƙi da cutar. Ƙwayoyin Mectizan da albendazol da aka yi shekaru ana rabawa gida gida a Jihar Kebbi, da taimakon ƙungiyar Sightsavers, na wannan yaƙi ne. Jihohin Filato da Nasarawa sun bi wannan hanya tare da gidan sauro, har a 2017 aka yi shelar sun rabu da yaɗuwar cutar.

Amma mu lura: ƙwayar tana kashe 'ya'yan tsutsa, tana kāre yaranmu, ba ta sāce gwaiwar da ta riga ta cika. Zuƙe ruwan da allura ma aikin banza ne, gama yana dawowa, sau da yawa da ƙwayar cuta a ciki. Aliero ta yi suna wajen ɗori, muna kuma girmama masu sana'ar, haka wanzamai da ƙahonsu. Amma gwaiwa ba karaya ba ce, ba kuma wurin tsaga ba ne. In ta hanji ce aka tsaga, an huda hanji ke nan.

A asibiti aikin gwaiwar ruwa ya fi na teɓa sauƙi nesa. Sau da yawa ba a sa mutum barci, allura ake yi wadda ke kashe wurin ko rabin jiki. A buɗe, a zubar da ruwa, a cire jakar da ke tara shi domin kada ya dawo. Yawanci bai wuce awa guda ba. Fatar maraina tana da tata tsoka, takan tsuke da kanta sannu a hankali. Sai in gwaiwar ta girma ƙwarai, ko fatar ta yi kauri ta lalace, likita yakan datse abin da ya yi yawa ya ɗinke, kamar dai yadda ake yi wa mai teɓa. Ashe wanda ya je da wuri, fatarsa ma ya tsira da ita. Tsoron da maza ke yi na cewa za a fiɗiye su ba shi da tushe: ba a taɓa ɗan maraina sai in an tarar ya riga ya mutu.

Mai gwaiwa ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi, a Jega ko Aliero ko Maiyama, a duba wace iri ce. In ta fi ƙarfinsu za su tura shi Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na Tarayya. Gyaran fatar mai ƙiba kuwa aikin ƙwararru ne, irin waɗanda ke asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tambayi kuɗin aiki duka tun farko, har da na magani da na wankin rauni.

Sauran lokaci. Bayan kowane irin wannan aiki ba a ɗaukar buhu, ba a jan guga, ba a huɗa, har mako 4 zuwa 6. Manomi ya shirya abinsa bayan an kwashe albasa, kafin ruwa ya sauka, ya kuma tanadi wake da gyaɗa da kifi da ƙwai, gama da su jiki ke ɗinke rauni. Gwaiwa guda ce ba ta jiran kaka ko rani: ta hanji wadda ta ƙi komawa, ta yi tauri tana ciwo, mutum yana amai, ciki ya kumbura. Wannan hanji ne ya shaƙe. A nemi mota a daren nan.